Jan Ɗigo Uku a Fatar Iya Tasalla

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu ji ta!

To ku matso, ku bar mintsinin juna. Wanda hankalinsa ya tafi yawo a tsakiya kada ya tambaye ni gobe, don wannan tatsuniya ko mutanen cikinta ba su gane kanta ba sai a ƙarshe.

A tsakiyar babban kogi akwai wani tsibiri, a kan tsibirin akwai wani gari, Tungar Bauna. Mutanen garin masunta ne, in ruwa ya janye su yi lambu. Suna da labari ɗaya da kowa ya gada. Wai a zamanin kakannin kakanni an yi wani ɗan fashin ruwa, ana ce masa Mai Jan Filafili. Shi da mutanensa sukan laɓe cikin ciyawa, jirgin fatake ya zo wucewa, su far masa, su kwashe kaya. Wata shekara da rani ya tare jirage bakwai rana ɗaya. Ya binne abin da ya samu a tsibirin nan, ya zana wurin a jikin fata, ya gangara kogi, bai sake dawowa ba.

Me ya binne? Wannan ya ce zinariya. Wancan ya ce azurfa. Wata ta ce murjani ne tulu-tulu. Kowace shekara dukiyar ƙaruwa take yi a bakin mutane, amma ba wanda ya taɓa ganin ko ƙwayarta, ba kuma wanda ya taɓa ganin fatar.

A bayan gari akwai wata yarinya marainiya, Kyallu, tana zaune da kakarta, Iya Tasalla. Ba su da jirgi, ba su da taru. Akuya ɗaya gare su, da fangali ɗaya na albasa. Amma albasar ba irin ta kowa ba ce, iri ne da uwar Kyallu ta bar mata. Kowace shekara Kyallu takan bar shi ya yi fure, ta tara irin, ta sake shukawa. In iska ta kaɗa lawashin sai ta ji kamar uwarta na nan kusa. A bana furen ya yi fari fat, saura kwana bakwai ya bushe.

Can ƙarshen tsibirin kuma akwai wata tsohuwar giginya. Awakin garin kullum suna gindinta suna lasar ƙasa. Mutane suka ce aljanar giginyar ce ta juya musu kai, don haka ba mai zuwa wurin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Iya Tasalla tana da wata tsohuwar fatar sa. Kakanta ne ya tsinto ta cikin wani jirgi da ya kife, ya ba matarsa ta yi shimfiɗa. A kanta ake ƙunshi, a kanta ake hira, a kanta aka kwantar da Kyallu tana jaririya. Tana da huda a gefe guda, da hudar ake rataye ta a turke.

Ran nan Kyallu ta wanke fatar ta shanya a kan dangar gida. Sai ga Sarkin Ruwa Barmo, mai garin, ya zo wucewa, Sarkin Fada Tunau na biye da shi. Sarki ya tsaya cik. Dauɗa ta fita, zane ya fito. Ga kogi a miƙe kamar maciji. Ga jirgi da jan filafili. Ga kada, ga dorina, ga giginya uku a gefen hudar. Ga kuma jan ɗigo, ɗaya, biyu, uku.

Sarki ya ce, "Tunau, kana ganin abin da nake gani?"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, tun kafin ka gani na gani. Mene ne?"

Sarki ya naɗe fata ya sa a hamata. Kyallu ta ce, "Ranka ya daɗe, shimfiɗar Iya ce." Ko waiwayowa bai yi ba.

Aka tara dattawa a zaure, aka baje fata. Nan fa ido ya raina fata, don ba wanda ya san inda samanta yake. Wani ya ce a juya kan kada ya dubi gabas. Aka juya, sai dorina ta koma ƙafafu sama. Wani ya ce a tsayar da dorina a kan ƙafafunta. Aka tsayar, sai jirgi ya kife. Wani ya ce a gyara jirgi. Aka gyara, sai giginya ukun suka kwanta. Suka juya, suka juya, har masu kallo suka fara jin jiri.

Sarki ya fusata ya ce, "Ja uku ne, ko ba uku ba? To duk ukun za mu tone!"

Tunau ya auna da ɗan yatsa ya ce ɗigo na fari a tsakiyar kasuwa yake. Aka kawo dagi, aka kawo fartanya. Aka tona, aka tona, aka tona. Aka sami fasasshen tulu da ƙashin kifi. Kasuwa ta zama rami.

Tunau ya sake aunawa ya ce ɗigo na biyu a ƙarƙashin zauren Sarki yake. Sarki ya dubi zaurensa ya ce a tona. Aka tona, aka tona, aka tona. Aka sami tsohon takalmi ƙafa ɗaya. Zaure ya yi ƙara, ya zauna a kan gindinsa, rugum!

Tunau ya auna na uku ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kam ba makawa. Fangalin albasar yarinyar nan ne." Hannayen maza sun yi kanta sun fashe, sai Sarki ya ce a huta gobe, jibi da hantsi a tone.

Kyallu ta ji labari. Ta ruga gida ta ce, "Iya, ɗigon nan ja, ba ke kika yi su ba?"

Iya Tasalla ta ce, "Ɗaya dai lalle ne, ranar ƙunshin bikin uwarki. Ɗaya kuma goro ne, na yi dariya ya fito mini. Na ukun…" Ta sosa kai. "Na ukun ko ni ce, ko tun can yake? Kai, wataƙila ma na ukun ne lallen. To in shi ne lallen, wanne ne goron? 'Yar nan, kin ruɗa ni."

Kyallu ta je ta durƙusa gaban Sarki ta faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Biyu na kakarki, na ji. To ai shi ya sa ba mu sami komai ba. Saura ɗaya, na Mai Jan Filafili ke nan. Kin ma taimake mu."

Kun ji fa. Ta je kashe wuta, ta ƙara mata kara. Ta fito tana kuka, ba ta san ma ko Sarkin ne da gaskiya ba.

Kashegari da sassafe ta ce a ranta, tunda mutane sun kasa, bari ta tambayi waɗanda aka zana. Fatar na hannun Sarki, amma Kyallu ta san ta kamar tafin hannunta. Ta je bakin ruwa, ta zana komai a kan yashi da tsinke, ta rera:

"Kada, Kada, fito ka gani,
An zana ka a fatar sa.
Gobe za a tone mini iri,
Faɗa mini abin da ka sani."

Ruwa ya motsa, Kada ya fito. Ya dubi zane ta dama, ya dube shi ta hagu, ya ce, "Wane ne wannan?"

Ta ce, "Kai ne, Baba Kada."

Ya ce, "Ni? Ƙafa huɗu duk a gefe ɗaya? Da haka nake da sai dai in riƙa zagaye wuri guda. Wannan ba ni ba ne. Sai dai ko kakana, an ce ya ɗan karkace."

Ta ce, "To kakanka bai ba ka labarin dukiya ba?"

Ya ce, "Dukiya ban sani ba. Abin da ya faɗa mini, shekarar da mai jan filafilin nan ya tafi, da ruwa ya kawo ya rufe tsibiri, sai idanunsu suka kama zafi a cikin ruwa. Kwana arba'in suna hawaye. Har yau ba mu daina ba, kuma ba mu san dalili ba. Tambayi Dorina."

Kyallu ta tafi tana magana ita kaɗai. An tambayi dukiya, an ba ta ciwon ido.

Rana ta take tsaka, ta isa wurin zurfi, ta sake zane, ta rera:

"Dorina, Dorina, fito ki gani,
An zana ki a fatar sa.
Gobe za a tone mini iri,
Faɗa mini abin da kika sani."

Dorina ta ɓullo, ta hura hanci, ta dubi zane ta ce, "Wannan tukunyar fa?"

Ta ce, "Ke ce, Inna Dorina."

Dorina ta ce, "Tukunya mai kunne? Allah ya isa tsakanina da wanda ya zana. Sai dai ko kakata, an ce ba ta da wuya."

Ta ce, "To kakarki ba ta ba ki labarin dukiya ba?"

Ta ce, "Dukiya ban sani ba. Abin da ta faɗa mini, a shekarar nan ruwan kogi ya yi daɗi kamar romo. Suka sha, ƙishirwa ta ƙaru. Suka ƙara sha, ta ƙara ƙaruwa. Da can mu sirara ne kamar barewa, a shekarar muka kumbura, har yau ba mu saɓe ba, kuma ba mu san dalili ba. Tambayi Uwar Giginya."

Kyallu ta dafe kai. Wancan ya ce ruwa ya yi zafi, wannan ta ce ruwa ya yi daɗi, kuma kogi ɗaya, shekara ɗaya. Ga shi yanzu an tura ta inda ba mai zuwa. Amma da ta tuna farin furen nan sai ta miƙe.

La'asar sakaliya ta isa gindin giginya. Awaki na nan suna lasar ƙasa, har da tasu akuyar. Ta yi zane, ta danna yatsa ta yi ɗan rami a inda hudar take, ta rera:

"Uwar Giginya, sauko ki gani,
An zana ki a fatar sa.
Gobe za a tone mini iri,
Faɗa mini abin da kika sani."

Ganye ya yi kaya-kaya. Wata doguwar tsohuwa ta sauko, gashinta har ƙasa. Ta dubi zane ta ce, "Wannan kam ni ce, da yayyena biyu da iska ta kayar. Amma ni na fi su tsawo, ya rage mini."

Kyallu ta ce, "Uwa, ke kin ga Mai Jan Filafili da idonki?"

Ta ce, "Ƙwarai. A inuwarmu ya sauke kaya. Wasu fararen duwatsu ne naɗe a tabarmin kaba. Suna ɗauka suna lasar yatsu. Mutane masu lasar dutse, ina kika taɓa ji? Suka binne a nan ƙarƙashina. Shi kuma ya zauna ya yi zanensa, ya ɗauki gutsuren dutsen ya goga a gefen hotona, ya goga, ya goga."

Kyallu ta ce, "Jan ɗigon fa?"

Ta ce, "Wane ja? Ni ban ga ja ba sai a filafilinsa."

Ta ce, "To duwatsun suna nan?"

Tsohuwa ta ce, "Shi ne abin da ya dame ni shekara da shekaru. Ba wanda ya tona, ina tsaye ina gadi. Amma da ruwa ya kawo ya janye, saiwata ta laluba ta ji wayam. Dutse ya tafi ba ƙafa. Ga awakin nan kuma sun addabe ni, an ce wai ni na juya musu kai. Ni da kaina ban san me suke nema ba." Ta koma sama tana gunaguni.

Kyallu ta kamo akuyarta ta nufi gida. Hawayen kada, romon dorina, dutse mai tafiya ba ƙafa. Ta jera su ta gaba, ba su jeru ba. Ta jera ta baya, ba su jeru ba. Ta shiga gida kanta ya yi nauyi kamar ta ɗauko tulu.

Iya Tasalla na gaban murhu ta ce, "Ke, bar zumɓura baki, miƙo mini gishiri."

Kyallu ta ɗauko ɗan dunƙulen gishiri, ta jefa a tukunya, ta lashi yatsa. Ta tsaya. Ta leƙa tukunya. Dunƙule ya yi ƙarami, ya yi ƙarami, ya ɓace. Ta waiwaya, sai ga akuya ta miƙe da ƙafa biyu tana lasar turken da ake rataye fata.

Iya ta ce, "Kore ta! Halin gado ne. Kakar kakarta ce ta lashe fatar nan har ta huda ta."

Kyallu ta zauna daɓas a ƙasa, ta yi ta dariya har da hawaye. Iya ta ce, "Shi ke nan, aljanar giginya ta taɓa mini jika."

Gari ya waye, hantsi ya dubi ludayi. Ga Sarki, ga Tunau da fata, ga maza da dagi. Suka tarar da Kyallu tsaye gaban fangalinta, ƙwaryar ruwa a hannu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin a sa dagi, ajiya zan ba ka. Kai ne uban gari, ba wanda ya fi ka amana."

Sarki ya ji daɗi, ya karɓi ƙwarya. Ta jefa dunƙulen gishiri a ciki ta ce, "Riƙe mini. Kada ka ba kowa, kada ka zubar." Ta tafi kwance akuya, ta yi ta jan jiki, ta gaida wannan, ta gaida wancan. Ta dawo ta ce, "Ranka ya daɗe, ajiyata."

Sarki ya sa hannu ya laluba. Babu. Ya leƙa ƙarƙashin ƙwarya. Babu. Ya juya ya ce, "Tunau, kai ne kusa da ni!"

Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne kusa, amma wallahi hannuna na kan fata!"

Kyallu ta ce, "Ɗanɗana ruwan." Sarki ya kurɓa, ya yamutsa fuska. Ta ce, "Ba a sace ba, ba a zubar ba, kuma babu. Haka aka yi wa Mai Jan Filafili. Jirage bakwai na kantun gishiri ya tare, a zamanin da gishiri ya fi zinariya wuyar samu a kogin nan. Ya binne da rani, da niyyar ya dawo kafin damina. Bai dawo ba, ruwa ya riga shi."

Sarki ya ce, "To ɗigon fa?"

Iya Tasalla ta dogaro sanda ta iso. Ta karɓi fata ta shinshina. "Wannan lalle. Wannan goro. Wannan…" Ta sake shinshinawa, ta tafa hannu. "Manja! Ranar sunan Kyallu, ina tuyar ƙosai ludayi ya suɓuce. Duk ukun nawa ne!"

Kyallu ta baje fata a ƙasa ta saki akuya. Akuya ta tsallake lalle, ta tsallake goro, ta tsallake manja, ta kafa harshe a bakin huda. Kyallu ta zura yatsa a hudar ta ce, "Ga alamarsa. Da gishiri ya yi ta, awaki suka cinye. Mu kuma muka mai da ita maratayi."

Gari duka ya ɗunguma gindin giginya, masu tsoro na bayan masu kwaɗayi. Aka kori awaki. Aka tona, aka tona, aka tona. Sai ga ruɓaɓɓun tabarmin kaba, jere-jere, kowace a naɗe, kowace ba komai a ciki. Can ƙasa, cikin wani ɗan tulu da aka toshe da danƙo, aka sami dunƙule guda, bai fi ƙwan zabuwa ba.

Sarki ya lasa. Ya dubi kogi, ya dubi dunƙule, ya dubi Tunau. Ya ce, "Tsaya. Wato dukiyar ta shiga ruwa?"

Aka ce, "E."

"Kifi ya sha ruwan?"

Aka ce, "E."

"Kakanninmu suka ci kifin?"

Aka ce, "E."

Ya ce, "Wato mun riga mun cinye ta tun ba a haife mu ba? To ni zaurena fa, wa ya ci shi?"

Daga saman giginya aka ji wata murya ta ce, "Oho! Ashe gishiri ne!"

Sarki ya miƙa wa Kyallu dunƙulen, ya miƙa wa Iya fatarta, kunya ta hana shi haɗa ido da su. Ba a taɓa ko ganye ɗaya na fangalin ba. Kwana huɗu bayan nan fure ya bushe. Kyallu ta murza shi a faifai, baƙin iri ya zubo cike da hannu biyu. Ta ɗaga shi ta ce wa marigayiyar uwarta, "Inna, ga shi, bai ɓata ba," ta yi kukanta mai daɗi ta share ido.

Da ruwa ya kawo ya janye, ramin kasuwa ya cika da laka mai kyau. Sarki da kansa ya zo bayan gari, ya yi sallama, ya roƙi iri. Kyallu ta ɗiba masa. Iya Tasalla ta baje fata ta ce ya zauna, ta kawo masa tuwo da miyar da aka sa ɗan dunƙulen nan a ciki. Ya kai loma ta farko ke nan, miya ta ɗiga a fata, ja wur, daidai kan dorina.

Iya ta dube shi ta ce, "Ranka ya daɗe, ga ɗigo na huɗu. A kira Tunau ya auna?"

Sarki ya sa hannun riga ya goge da sauri.

To kun ji. Kafin ka tone lambun wani saboda zane, ka fara tambayar tsohuwar da ta yi shekaru tana zaune a kansa.

Ƙurunƙus, kan ɗan tarwaɗa. In kun ce ƙarya na yi, gobe ku je bakin kogi ku dubi idon kada, har yanzu bai bushe ba.